Littafin Awon Tela Dionisio

A Iloilo, bayan kwalejin lafiya,
shagona ne mai ƙofar kwano, jikin mai miyar taliya.
Shekara talatin da huɗu ina ɗinka musu farar riga.
Bandir ɗaya nake yanka, almakashi ɗaya,
maɓalli shida-shida.
Wa ya gaya mini yadi ɗaya zai kama hanya ɗari?

Daren jiya ruwa ya hana ni barci.
Na jawo littafin awo, wanda gara ta ci wa gefe,
na buɗe shekarar babbar guguwa.

Ga Luzviminda, kafaɗa sha huɗu,
wadda ta ce in zurfafa mata aljihu.
Ungozoma ce yau a tsibiran Gigantes,
kwalekwale motarta, igiyar teku agogonta.
An ce yara bakwai ke amsa sunanta.

Ga Efren, dogo, hannunsa ya cinye mini yadi.
Da ya ga jini sai ya zube.
Yanzu rijiyoyi yake bi da 'yan kwalabe,
ya ɗebi ruwa, ya rufe wadda ta gurɓace,
ya sha zagi unguwa-unguwa.
Yaran da ba su yi gudawa ba
ba su san shi ba, ba kuwa za su san shi ba.

Marivic gidan yari take zuwa, da ƙafarta, kowace safiya,
ta saurari mazan da duniya ta gaji da saurare,
ta nemo wa wani lambar uwarsa.
Nenita ta rataye rigar, ta zauna gaban kwamfuta a Manila,
tana ƙirga zazzaɓi gari-gari.
Kafin sauro ya yi shawara, ta riga shi isa.

Teresita tana Glasgow.
Tsofaffin wasu take juyawa cikin dare,
ta shafa musu mai, ta share musu baki.
Tata uwar ta cika tana kallo ta waya.
Kuɗin jana'iza sun iso kan lokaci.

Bienvenido na ja wa layi.
Annoba ta same shi a bakin aiki.
Rigarsa ta biyu tana ƙasan akwatina,
a goge, a ninke, ba a zo karɓa ba.

Sai can ƙasan shafi, da jan biro:
Perlita, saura peso tamanin.
Sau biyu ta faɗi jarrabawa. Na ce a raina,
wannan kam ta ɓata yadi.

Bara ɓarin jikina ya shanye.
Hannun da ya ciyar da mutum shida
ya kwanta kan cinyata kamar mataccen kifi.
Wata ta shigo da kwanon wake, ta ja kujera,
ta ce, tsinci ɗaya, baba.
Na tsinta, ya faɗi. Na yi kuka, ba ta kalle ni ba,
ta ce, sake.
Wata biyu wake, wata guda maɓalli.
Ranar da zare ya ratsa kafar allura
ta yi dariya, ta ciro peso tamanin daga aljihun da na ɗinka.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
amma tsakanina da ita, wa ke bin wa?

Ɗazu da safe wata sabuwa ta zo awo,
takalminta jiƙe, muryarta na rawa.
Ta ce, baba, waɗanda suka gama, ina suke aiki?
Na ce, miƙe tsaye, 'yata, saki hannu.
Kafaɗa nake aunawa, ban iya auna hanya ba.

Na rubuta sunanta a sabon shafi,
na bar mata rarar inci biyu a cikin ɗinki.